Barcin Ciyawa: Yadda A Ke Shirya Filin Kiri-kiri Kafin Rani

Wannan takarda domin malaman makaranta ce, da masu tsaron ofisoshi da asibiti, da duk mai gidan da ya dasa ciyawa a farfajiyarsa a ƙasar Illela da kewayenta. A karanta ta tun ana cikin damina, gama aikin da ke cikinta ba ya yiwuwa bayan ruwa ya ɗauke. Tun ran gini a kan yi zane.

1. Dalilin wannan koyarwa

Illela tana bakin iyaka, arewa da Sakkwato kamar mil 50, Birnin Ƙonni kuwa na tsallake. Ruwan da mu kan samu a shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, kusan dukansa kuma tsakanin Yuni da Satumba ya ke sauka. Sauran watanni takwas ƙasa a bushe ta ke. Ƙasarmu yawancinta jigawa ce, rairayi mara nauyi. In ba abin da ya riƙe ta, iskar hunturu ta kan kwashe samanta, ta zuba mana a ido da akushi da ɗakin karatu. Sa'an nan ruwan farko ya zo da ƙarfi ya yage abin da ya saura.

Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san abin da ƙasa tsirara ta kan zama. Sabo da irin wannan ne ƙasashen Afirka suka ƙulla shawarar Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, Jihar Sakkwato kuwa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da aikin ya shafa. Amma itace kaɗai ba ya rufe ƙasa. Itace yana tare iska daga sama, ciyawa ce ke riƙe ƙasa daga ƙasa.

To, kowace shekara a kan ga abu guda. A dasa ciyawa da damina, ta yi kore shar, kowa ya yaba. Ruwa ya ɗauke, ta bushe, sai a ce ta mutu. A bar wa awaki, ko a cinna mata wuta, ko yara su share ta har saiwa. Baɗi a sake sabon aiki. Wannan hasara ce ta banza, gama yawanci ciyawar ba ta mutu ba. Barci ta ke yi.

2. Ciyawa mai mutuwa da ciyawa mai barci

Ciyawa iri biyu ce. Akwai wadda ranta damina ɗaya ne, kamar ƙarangiya da kyasuwa da guɗe-guɗe. Ita wannan in ta zuba 'ya'ya ta gama aikinta, sai ta mutu ƙurmus, 'ya'yan su tsiro baɗi. Akwai kuma wadda ta kan shekara da shekaru, kamar gamba da jema da kiri-kiri. Ganyenta ya kan bushe, amma gindinta da jijiyoyinta na ƙarƙashin ƙasa suna nan da rai.

Kun san gaiwa. In tafki ya ƙafe, ta kan shige cikin laka ta naɗe, ba ci ba sha, har ruwa ya komo. Da ajiyar jikinta ta ke rayuwa duk tsawon rani. Haka kiri-kiri ta ke. Da damina ganyenta yana sarrafa abinci da hasken rana, abin da ya yi saura ta aika da shi cikin jijiya ta ajiye, kamar yadda manomi ke zuba gero a rumbu. Da wannan ajiya ta ke ƙetare rani, da ita kuma ta ke fid da sabon toho in ruwa ya sauka.

Ga ainihin koyarwar ke nan, a riƙe ta da kyau: abin da ciyawa ta kwanta da shi, da shi za ta tashi. In rumbunta cike ya ke ran da ruwa ya ɗauke, za ta farka da ƙarfi. In wofi ne, daga barcin sai mutuwa. Dukan ka'idodin da ke biye, manufarsu ɗaya ce, watau a cika rumbun nan, kāna a tsare shi.

3. Labarin zoyisiya, ciyawar ƙetare

Akwai wata ciyawar fili da a ke kira zoyisiya. Asalinta gabashin Asiya ne, wajen Japan da Koriya da Sin da tsibiran Filifin. An raɗa mata sunan nan a 1801 domin tunawa da Karl von Zois, wani masanin tsire-tsire na ƙasar da a ke kira Slobeniya yanzu. Daga baya aka kai ta Amurka, inda ta yaɗu ƙwarai a gidaje da filayen wasa. Ganyenta ya fi na kiri-kiri tauri, tana saƙa kanta kamar tabarma har ciyayi su rasa wurin tsirowa, tana kuma jure 'yar inuwa. Aibinta biyu: jinkirin yaɗuwa, da kuma rashin haƙurin ƙishirwa irin na kiri-kiri.

Ita ma ta kan yi barci, amma a can sanyi ne ke kwantar da ita. In sanyi ya sauka wajen digiri 10, sai ta daina girma ta koma launin kara, ba ta farkawa sai ɗumi ya komo. Don haka masu ita su kan daina ba ta takin ganye kamar mako 6 kafin sanyi mai daskarewa ya faɗo, su ba ta takin ƙarfin jiki maimakonsa.

A wurinmu sanyi ba ya daskarar da raɓa. Ko tsakiyar ɗari, cikin Disamba da Janairu, daren hunturu sai dai ya rage wa ciyawa sauri. Abin da ke kwantar da ciyawarmu ƙishirwa ce. Sabo da haka wanda ya sayo zoyisiya daga masu sayar da dashe a manyan birane, kada ya bi lissafin watannin littattafan Turai. Inda suka ce kafin sanyi, mu sai mu karanta kafin ɗaukewar ruwa. Dabarar ɗaya ce, lokacin ne ya bambanta. Kowane tsiro da sa'ar barcinsa. Ku dubi gawo, da damina ya ke zub da ganye, sa'ad da sauran itatuwa ke fid da nasu.

Shawararmu ga mutanen Illela ita ce, wanda ba shi da ruwan da zai wadata, kiri-kiri ta fiye masa. A kan same ta kyauta a gefen fadama da bakin tafki, kamar wajen Kalmalo.

4. Abinci uku na tsiro

A jikin buhun takin zamani a kan ga lamba uku, misali 15-15-15. Ta fari ta naitirojin ce, shi ne abincin ganye. Ta biyu ta fosfaras ce, mai taimakon saiwa. Ta uku ta fotash ce, mai ƙarfafa jikin tsiro ya jure ƙishi da sanyi da cuta. Farin takin nan yuriya kuwa naitirojin ne zalla, kashi 46 cikin 100, ba shi da sauran biyun.

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Su kan ga ciyawa ta soma ƙoƙewa cikin Oktoba, sai su watsa mata yuriya don ta komo kore. Yuriya kuwa tilasta ta ya ke yi ta fid da ɗanyen ganye, ta kwashe ajiyar jijiya ta kai sama. Bayan kwana kaɗan iska ta busar da ganyen, ajiya ta tafi. In ma ƙasa ta riga ta bushe, takin ya kan ƙone ciyawar, sauransa ya bi iska. Ga zoyisiya akwai ƙarin haɗari, gama yawan naitirojin a ƙurarren lokaci, in ya gamu da sanyi da laima, ya kan jawo mata wata cuta mai cin fili da'ira da'ira.

Sai a lura da abu guda kuma. A kasuwa waɗansu su kan fassara kanwa da sunan fotash. Kanwa dabam, fotash na taki dabam. Kanwa dangin gishiri ce, tana ɓata ƙasa, tana kashe tsiro. Kada a kuskura a zuba ta a fili. Fotash na gida da ke hannun kowa shi ne tokar itace da ta karan gero da dawa.

5. Aikin Agusta

Duk awon da ke cikin takardan nan na fili ne mai mita 10 a tsaye, mita 10 a kwance, watau kamar taku 13 na babban mutum kowane gefe. Mai fili babba sai ya riɓanya.

Na ɗaya, a cike gurabe. Inda ciyawa ta yi sanƙo, a tono jijiyar kiri-kiri a dasa, tsakanin dashe da dashe taƙi ɗaya. A gama wannan kafin tsakiyar Agusta, domin dashen ya sami mako 6 na ruwa ya kafu. Dashen Satumba ba safai ya kan ga baɗi ba.

Na biyu, a buɗe ƙasa. Inda sawu ya daddaɓe wuri, kamar bakin ƙofar aji ko gaban raga a filin ƙwallo, ruwa ba ya shiga. A sami ƙarfe mai tsini, a huhhuda ƙasa sa'ad da ta ke da laima, zurfin tsawon yatsa, rami kusa da rami.

Na uku, a tuge ciyayi. Ƙarangiya da tsaidau a cire su da hannu tun ba su yi 'ya'ya ba. Wanda ya bar su suka nuna, ya shuka wa yara ƙaya ta shekara mai zuwa. Aya-aya kuwa sai an tono ta da ƙwayarta.

Na huɗu, takin zamani na ƙarshe. Wajen tsakiyar Agusta a watsa 15-15-15 kilo ɗaya da rabi. A raba shi biyu, a watsa rabi ana tafiya gabas da yamma, rabi ana tafiya kudu da arewa, don kada wani wuri ya sha da yawa. A watsa sa'ad da ƙasa ke da laima amma ganye a bushe. In hadari mai ƙarfi ya haɗu, a dakata, gama ruwa mai yawa ya kan wanke taki daga rairayi. Daga ran nan an rufe buhu, ba sauran yuriya sai baɗi.

6. Aikin Satumba

Farkon wata a zuba takin gargajiya. Garin da kara ke ci kowace Lahadi, ga shanu ga raƙuma ga tumaki, ba ya rasa taki. Amma sai ruɓaɓɓe, wanda ya kwana watanni a rami har ya yi baƙi ya daina wari da zafi. Ɗanyen kashin dabba yana ƙona ciyawa, yana kuma ɗauke da irin ciyayi. A marmashe shi, a tankaɗe da rariya mai manyan ido, a baza garwa 25 zuwa 30. Sa'an nan a bi da tsintsiya a hankali don ya gangara gindin ciyawa. In aka duba ba a ga kan ganye ba, taki ya yi yawa.

Wannan taki ya fi na buhu amfani a ƙasarmu. Yana sakin abincinsa kaɗan kaɗan, ba ya zuga ganye, yana kuma sa rairayi ya riƙe laima. Wanda ba shi da kuɗin takin zamani kada ya damu, wannan da toka sun ishe shi.

Wajen tsakiyar wata, tun ana sauran ruwa ɗaya ko biyu, a barbaɗa toka rabin garwa, da safe kafin iska ta tashi. Kada a ƙara a kan haka, kuma sau ɗaya tak a shekara, gama toka da yawa tana sāke halin ƙasa. Mai zoyisiya ya rage zuwa rubu'in garwa. Tokar juji da aka ƙona leda da batir a ciki ba ta da kyau. Kada kuma a gama toka da yuriya ko a zuba su lokaci guda, gama toka tana kore naitirojin ya bi iska.

7. Yankan ƙarshe

Da damina a kan yanke kiri-kiri gajere. Amma daga farkon Satumba sai a ɗaga hannu. Ganye shi ne maƙerar abinci, in an aske shi ƙwal, da me za a cika rumbu? Ko da lauje a ke yi ko da inji, kada a cire fiye da sulusin tsawon ciyawa a yanka guda. A wasa lauje ya yi kaifi, gama dakusasshe yage ganye ya ke yi.

Yankan ƙarshe a yi shi sa'ad da aka ga girma ya tsaya, ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. A bar tsawon faɗin yatsa uku, watau kamar santimita 5. Wannan saura in ya bushe shi ne bargon fili. Yana kare gindin ciyawa daga rana, yana hana iska ɗibar ƙasa, yana ma tare ƙurar hunturu ta zauna ta ƙara wa wurin ƙarfi. Abin da aka yanka a kwashe a ba dabbobi, ko a zuba a ramin taki. Tsibin busasshiyar ciyawa kusa da bango kiran gara ne.

8. Maganar ruwa

Kafin ruwa ya ɗauke, mai fili ya yanke shawara ɗaya cikin biyu: ko ya bar ciyawa ta yi barci, ko ya riƙe ta a farke. Ga lissafin, kowa ya auna da kansa.

Milimita ɗaya ta ruwa a kan mita ɗaya murabba'i lita ɗaya ce. Ciyawa ba ta zama kore da rani da abin da ya gaza milimita 25 a mako, da bazara ma ta fi haka ci, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40. Ga ɗan filin nan namu, lita 2,500 ke nan, watau jarka 100 mai lita 25, kowane mako. Filin ƙwallo kuwa, mai mita murabba'i 7,000, zai sha lita 175,000 a mako. A garin da mata da yara ke jeruwa a bakin rijiya da famfo, wannan ba daidai ba ne. Ruwan nan mutane da dabbobi da masu lambun albasa sun fi bukatarsa.

Mafi muni duka shi ne tsaka-tsaki, watau a yayyafa yau, a manta mako biyu, a sake yayyafawa. Kowane yayyafi yana tā da ciyawa, ta kashe ajiya ta yi toho, tohon ya bushe. In aka yi haka sau uku ko huɗu, rumbu ya ƙare. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Kiri-kiri da ta shekara biyu ta kafu sosai ta kan iya ƙetare rani ba ruwa, musamman inda ƙasa ke da ɗan nauyi. Amma sabon dashe, da wadda ke kan tudun rairayi, da zoyisiya, suna bukatar ruwan riƙon rai: jarka 40 zuwa 50 a zuba gaba ɗaya da yamma, sau ɗaya cikin mako uku ko huɗu. Nufinsa kada gindi ya bushe ƙayau. Ruwan alwala da na wankin hatsi suna da kyau a nan. Ruwan sabulu mai kauri a kai shi wani wuri.

9. Tsaron mai barci

Ciyawa mai barci ba ta iya gyara kanta, duk ɓarnar da aka yi mata tana nan har damina. Abokan gabanta huɗu ne.

Dabbobi. In an sake su bayan girbi, akuya da tunkiya su kan cinye bargon, jaki kuwa ya tono har jijiya. A kewaye fili da ƙaya ko darni tun Oktoba. Wanda ke son shinge mai daɗewa ya dasa aguwa, gama dabba ba ta cika cinta ba, reshenta kuma a kan kafa shi tun kafin ruwa ya sauka, ya kama.

Wuta. Waɗansu na cewa ƙuna na sa toho. Tohon da ke biyo bayan wuta daga ajiya ya ke fitowa, ba ruwan da zai raya shi. Ga bargo ya tafi, ga haɗarin gobara ga danni da rumbuna cikin iskar hunturu.

Tsintsiya. Sharar kullum ita ce ta mai da farfajiyar makarantu da yawa faƙo. A tsince takardu da leda da hannu. Ganyen dogon yaro in ya taru a kwashe sama sama.

Sawu. A fid da hanya guda a jera mata duwatsu, kowa ya bi nan. Babur da mota da amalanke kada su hau. A filin ƙwallo a riƙa matsar da raga, don kada wuri ɗaya ya sha duka.

10. Yadda a ke gane mai rai, da farkawa

In shakka ta kama ku cikin Maris ko Afrilu, ku tona ɗan wuri da wuƙa, ku ciro jijiya ku karya. In cikinta fari ne, da ɗan danshi, tana lanƙwasa kafin ta karye, da ranta. In ta karye ƙaras, cikinta baƙi ko hoto, wannan ta tafi. Ku gwada wuri biyar ko shida. Ko rabi ne suka rayu, kiri-kiri za ta rufe sauran da damina.

Ruwan farko na Mayu ko Yuni ya kan yi yaudara, kamar yadda kowane manomin gero ya sani. Kada a yi gaggawar taki. Sai ruwa ya zauna, fili ya yi rabin kore, sa'an nan a bi da manjagara a kwashe tsohon bargo. Zoyisiya ta fi bukatar wannan, gama matattun ganyenta su kan yi kauri su hana ruwa shiga. Bayan haka a ba da yuriya rabin kilo, a kan ƙasa mai laima. Lokacinsa ke nan.

11. Tambayoyi domin 'yan makaranta

Mene ne bambancin ƙarangiya da kiri-kiri wajen ƙetare rani?

Me ke kwantar da zoyisiya a ƙasarta, me kuma ke kwantar da ciyawarmu?

Don me ba a ba ciyawa yuriya cikin Oktoba?

Ina bambancin kanwa da toka?

Ku auna farfajiyar makarantarku da taku, ku lissafta garwa nawa na taki za ta ci, da jarka nawa na ruwa za ta sha a mako in an ce a riƙe ta kore.

Malami ya keɓe ɗan wuri biyu a gefen fili. Ɗaya a bi da shi yadda takardan nan ta faɗa, ɗaya a bar shi yadda aka saba. Yara su rubuta abin da suka gani kowane wata, daga Oktoba har Yuli, su kai wa iyayensu labari. Wanda ya sami abin da ya shige masa duhu, sai ya tambayi malamin gona na yankinsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu baɗi lafiya.